Kujerar Hedimasta: Nauyin a Makaranta, Rigimar a Gida

Akwai wani abu da malaman makaranta suka sani sarai, amma da yawa daga matansu da mazajensu ba su sani ba, kuma rashin saninsa ya hana gidaje da dama barci: zama hedimasta a firamaren gwamnati ba ƙarin albashi ba ne. Albashin malami matakinsa yake bi. Mai shaidar NCE ta kwalejin ilimi yakan fara daga mataki na 7, mai digiri daga na 8, kuma a ƙa'idar aikin gwamnati shekara uku ake yi kafin a haura daga wani mataki zuwa na gaba har a kai na 14, shi ma in an yi sa'a jihar tana aiwatar da ƙarin girma a kan lokaci. Shugabancin makaranta kuwa takarda ce guda daga ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma. Ta ce daga ranar kaza kai ne shugaban makaranta kaza. Wata takardar irinta tana iya zuwa bayan wata shida ta mayar da kai aji, ko ta jefa ka wani ƙauyen da sai ka tambaya kafin ka san hanyarsa. Matakinka yana nan inda ka bar shi. Shi ya sa za ka tarar da hedimasta a mataki na 10 yana shugabantar dattijon da ke mataki na 13, wanda ya fi shi ɗaukar kuɗi a ƙarshen wata kuma ya riga shi komawa gida kullum. Inda ake ba da alawus na ɗawainiya ma, da wuya ya isa man babur.

Duk da haka a cikin ɗaki ana jin maganar nan. "Malam, wai kai har yaushe za ka yi ta shan ƙurar alli? Ga wanda kuka gama kwaleji tare, yanzu ofis gare shi, har gaishe shi ake zuwa yi." Ko kuma ta ɗaya ɓangaren, miji ya dubi matarsa da aka yi wa tayin shugabancin makaranta ya ce, "Ni ban hana ki aiki ba, Maman Khalifa, amma azahar ta yi miki a gida." Ɗaya yana turawa, ɗaya yana riƙewa, kuma a ganina dukkansu suna magana ne a kan wata kujera da ba ita ce ke cikin ofishin ba a yau.

Hoton da ke kan mutane tsoho ne, kuma ba ƙarya ba ne a zamaninsa. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shugabanci Makarantar Midil ta Bauchi kafin siyasa ta ɗauke shi. Alhaji Shehu Shagari ya yi hedimasta a Argungu. A wancan lokacin, kai har zuwa shekarun farko na shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976, hedimasta a ƙauye shi ne mutum na uku bayan dagaci da liman. Shi ke karanta wa mutane wasiƙa, shi ke rubuta musu amsa, gidansa na cikin makaranta ko kusa da ita, kekensa ko babur ɗinsa abin kallo ne. Matarsa kuwa ko a gidan biki an san wurin zamanta. Matan da ke tura mazajensu yau sun tashi ne suna jin iyayensu na ambaton irin waɗannan mutane da girmamawa. Ba wanda ya zaunar da su ya ce musu abin ya fara lalacewa tun ƙarshen shekarun 1970, lokacin da yara suka yi wa azuzuwa yawa fiye da yadda aka tsara, ya ƙara taɓarɓarewa a 1991 da gwamnatin soja ta rushe hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa ta bar albashin malamai a hannun ƙananan hukumomi, aka yi ta watanni ba biya, har sai da aka dawo da hukumar a 1993. Sunan ya tsira. Abin da ke riƙe da sunan ne ya tafi.

To me ake nema a wurin hedimasta yanzu?

A takarda, shi ne ke da alhakin komai. Rajistar ɗalibai, littafin halartar malamai, littafin da ake rubuta duk abin da ya faru a makaranta, jadawalin darussa, duba shirin darasin kowane malami, ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, tarbar masu duba makarantu daga ƙaramar hukuma da daga hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, taron iyaye da malamai, taron kwamitin al'umma mai kula da makaranta. Idan ana ciyar da ɗalibai, shi zai sa hannu cewa mai dafa abinci ta kawo, ko da ya ga abin da ta kawo bai kai rabin yaran ba. Idan masu rigakafi suka zo, shi zai lallashi iyaye. Idan yaro ya ji ciwo a filin wasa, ƙofar gidansa za a buga da daddare. A makarantun da malamai suka yi ƙaranci, kuma su ne mafi yawa a karkara, bayan duk wannan yana da ajinsa da zai shiga.

A aikace, kusan babu abin da ke hannunsa. Ba shi ya ɗauki malaman ba, ba shi ke biyansu ba, ba ya iya korar kowa. Malamin da ba ya zuwa sai ranar da aka ji labarin masu tantancewa, in ɗan gidan wani babba ne a jam'iyya, iyakar hedimasta ya rubuta rahoto, kuma sau da yawa rahoton ne zai dawo ya cije shi. Gini da gyara ba nasa ba ne. Dokar ilimin matakin farko na bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin matakin farko, jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, sannan SUBEB ta ba da kwangila. Hedimasta yakan ga ɗan kwangila ne kawai ranar da aka sauke yashi a harabarsa. Ba a tambaye shi ko abin da ya fi buƙata rufin ajin da iska ta yaye ba ne, ko banɗakin 'yan mata. Kuɗin gudanarwa na yau da kullum, na alli da rajista da tsintsiya da gyaran benci, a makarantu da yawa ko dai ba ya zuwa ko kuma ya zo sau ɗaya ya ɓace. Kuma tun da doka ta ce ilimin kyauta ne, jihohi irin su Kano suka sake jaddada hakan a 2019, karɓar ko naira hamsin daga hannun yaro laifi ne da ake dakatar da mutum a kansa. An hana shi karɓa, ba a ba shi ba, kuma ana so a zo a tarar da allo da rubutu. Daga ina allin zai fito? Daga aljihunsa. Wato daga kuɗin cefane.

Wannan ne wurin da nake ganin matan da ke turawa ba su yi lissafi ba. Kujerar ba ta ƙara kuɗin da ke shigowa gida, tana ƙara wanda ke fita. Kuɗin mota zuwa ofishin ilimi sau biyu ko uku a mako, kuɗin buga takardu, katin waya da data saboda yanzu rabin umarni ta WhatsApp yake zuwa, kuma yakan zo ne da ƙarfe goma na dare a ce gobe da safe ake son sunaye. Ga ruwan baƙi. Ga gudummawar da ake sa ran shugaba ya fi kowa bayarwa in malami ya yi haihuwa ko rashi. Ga 'yan uwa da suka ji an ce wane ya zama shugaba, suka ƙara yawan buƙatunsu daidai da girman sunan.

Akwai kuma abin da ake rasawa, wanda ya fi wannan girma. Malamin firamare na yau da albashi kaɗai ba ya rayuwa, kowa ya sani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin ya ƙara fitowa fili. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, a shekarar da buhun shinkafa ya zarce wannan kuɗin a kasuwanni da dama, kuma malaman firamare na cikin waɗanda aka fi jinkirta wa aiwatarwa. A Abuja ma, ƙarƙashin idon gwamnatin tarayya, sai da suka yi watanni suna yajin aiki a 2025 a kan haka. Abin da ke riƙe gidan malami shi ne abin da yake yi bayan an tashi: gona, ɗan shago, Islamiyya da yamma, darasin gida ga 'ya'yan masu hali, ɗinki, ko A Daidaita Sahun wani da yake karɓa daga la'asar zuwa dare. Malamin aji yana rufe littafinsa ya tafi. Hedimasta shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen fita, kuma ranar da ya shirya zuwa gona ita ce ranar da za a kira taro. Don haka malamin da ya ce wa matarsa ba ya so, ba lallai ne ragwanci ko mutuwar zuciya ba. Sau da yawa shi ne ya fi kowa iya lissafi a gidan. Wani kuma, kuma ba su da yawa amma akwai su, koyarwar ce kawai yake so. Ya san yadda ake sa yaron aji biyu ya haɗa baƙi da wasali, kuma ya san ranar da ya koma ofis wannan baiwar ta zama tarihi. Tsarinmu ba shi da wata hanya ta girmama irin wannan malami sai dai a cire shi daga ajin.

Amma kada a yi wa matar rashin adalci. Ita ce ke tsayawa gaban mai shago. Ita ce ke jin habaici a gidan suna, inda ake auna mace da muƙamin mijinta. Ta ga shekara goma sha biyar sun wuce, yara sun girma, haya ta ƙaru, mijin yana nan da jakarsa ɗaya. In ta ce ya motsa, gaskiya ta faɗa game da halin da gidan ke ciki. Kuskuren yana kan ƙofar da take nuna masa. Kuma ba a banza take nuna ta ba, domin ta ga wasu shugabannin makarantu sun yi gini, sun sayi mota. Abin da ba a faɗa a fili shi ne daga ina. Akwai wanda kujerar ta buɗe masa hanya ta halal: taron bita da ƙungiyoyin agaji ke shiryawa ana ba da kuɗin zama, aikin zaɓe, aikin sa ido a jarrabawa, sanayya da manya da kan kai mutum ofishin shiyya ko kujerar Sakataren Ilimi. Akwai kuma wanda ya yi ta ƙara sunayen yaran da babu su a rajista, ko ya raba albashi da malamin da ba ya zuwa, ko, a sakandare, ya ɗora wani abu a kan kuɗin rajistar WAEC da NECO, ko ya buɗe wa masu satar amsa ƙofa. Macen da ke cewa "dubi wane" ba ta san wanne daga cikin biyun take nuna wa mijinta ba. Mutumin kirki da aka tura kujerar da zaton za ta kawo kuɗi, ya je ya tarar ba ta kawowa, ga gida ana jira, an sa shi a wani hali mai haɗari. Ba kowa ne ke fita daga irin wannan da mutuncinsa ba.

Hanyar hawa kujerar ita ma tana da nata kuɗin. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya NCE ce, kuma ana buƙatar rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, amma mai son ya yi nisa ya san sai da digiri. Wannan yana nufin shekaru na karatun hutu irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana yi wa malamai, ko karatun ƙarshen mako, ko Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, ko shirye-shiryen Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Kuɗin rajista daga adashi yake fitowa, wani lokacin daga akuyar matar ko 'yan kunnenta. Macen da ta sayar da abin hannunta don miji ya yi digiri tana ganin tana da haƙƙin tambayar ina amfanin, kuma tana da shi. Sai dai babu wata jarrabawa ko shaida ta musamman da in mutum ya samu za a ce lallai shi ne na gaba. Akwai cibiyar horar da masu tsarawa da gudanar da ilimi a Ondo, akwai bitoci nan da can, amma mafi yawan shugabannin makarantunmu ranar da suka karɓi makulli ce ranar farko ta karatun aikin. Tunda babu ma'auni a fili, abin da ya rage shi ne wa ka sani. Nan matsin lambar gida takan canza kama, daga "ka yi ƙoƙari" ta koma "ka je ka ga Honarabul", ko "bari in yi wa matar ciyaman magana, ai tare muke zuwa Islamiyya". Wanda ya hau ta wannan hanya ya hau da bashi a wuyansa. Ranar da wanda ya ɗora shi ya turo masa yaron da za a rufa wa asiri, ba shi da bakin cewa a'a. Ranar da gwamnati ta canza, shi ma sai ya tattara.

Sannan ga tsoro, iri biyu. Na farko na aiki ne. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da ake nema ba, ta sallame su. Ko mutum yana ganin an yi daidai ko an yi zalunci, darasin da malaman Arewa suka ɗauka shi ne aikin da ake ce wa mai tabbas ba shi da tabbas, kuma wanda ya fi fitowa fili shi ake fara gani. Na biyu na rai ne. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris na 2024, shugabancin makaranta a wasu yankunan ya zama wani abu dabam. Da aka kwashe yaran Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina a ƙarshen Mayun 2021, shugaban makarantar ne ya zauna tsakanin iyayen da ke kuka da 'yan bindigar da ke bugo waya, har kusan wata uku. A Maga ta jihar Kebbi, a Nuwambar 2025, mataimakin shugaban makarantar 'yan mata aka kashe a daren da aka sace ɗaliban. A irin waɗannan wurare matan ba turawa suke yi ba. Roƙo suke yi: "Don Allah Malam ka ce musu ba ka so. Mu ci tuwo da miyar kuka, ya fi mana." Wannan ma matsin lamba ce daga gida, kuma ban ga wanda zai zarge ta ba.

Labarin malama ya bambanta, kuma ya fi ɗaure kai. A biranen Arewa mata sun cika azuzuwan firamare, amma in ka nufi karkara sai su yi ta raguwa, a kujerar shugabanci kuma su ƙara raguwa. An daɗe da gane cewa iyaye sun fi sakin jiki su bar 'ya mace a makarantar da akwai malamai mata, musamman in ta fara girma. Saboda haka ne ma tun 2008 aka fito da shirin ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi NCE su koma garuruwansu su koyar, da tallafin UNICEF da gwamnatin Birtaniya, a jihohi irin su Bauchi, Katsina, Neja da Sakkwato. An samar da malamai. Amma tsakanin zama malama da zama shugaba akwai wani mutum da babu sunansa a kowace takardar gwamnati, kuma sa hannunsa ya fi na Sakataren Ilimi ƙarfi: maigida.

Mazaje da yawa sun yarda da aikin koyarwa ne tun farko saboda sharuɗɗansa sun yi musu daɗi. Ana tashi da wuri, akwai dogon hutu, yawancin abokan hulɗa yara ne. Shugabanci yana karya duka ukun. Za a yi taro da dagaci da liman da 'yan kwamiti, kusan duk maza. Za a je bita ta kwana uku a babban birnin jiha, a kwana a masauki. Waya za ta yi ƙara da daddare, muryar namiji ce. Za a iya yi mata canjin wurin aiki zuwa makarantar da sai ta hau mota biyu. Kuma duk wannan ba ya rage ko cokali ɗaya daga aikin gida. In akwai kishiya, ranar girkinta ranar girkinta ce ko da masu duba makarantu za su zo gobe. Wasu mazan tsoronsu na gaskiya ne, na tarbiyyar yara da lafiyar matar a hanya. Wasu kuwa, in za a faɗi gaskiya, abin da ba za su iya haɗiyewa ba shi ne a riƙa cewa "mijin hedimasta", musamman in shi ƙaramin ma'aikaci ne ko kasuwarsa ta ja baya. Irin wannan ba ya cewa kar ki karɓa. Sai dai ya fara ƙorafin abinci ya huce, ya fara tambayar wa ya kira, har ita da kanta ta je ofis ta ce a ba wani. A rahoto za a rubuta cewa mata ba sa son shugabanci.

Akwai kuma na ɗaya gefen, wanda ba a cika maganarsa ba saboda kunya: mijin da ke tura matarsa ta nemi kujerar domin albashinta ya riga ya zama ginshiƙin gidan, har katin cirar kuɗinta yana aljihunsa. A shari'ar Musulunci, wadda mafi yawan waɗannan gidaje ke cewa ita suke bi, ciyarwa da tufatarwa da muhalli a wuyan miji suke, dukiyar mace kuma tata ce, sai abin da ta bayar da daɗin rai. Miji yana da ta cewa a kan fitar matarsa, haka ne, amma ba ya yiwuwa ya riƙe wannan haƙƙin da hannu biyu ya saki wancan nauyin. Wanda ke cin moriyar aikin matarsa ya kamata ya ɗauki rabonsa na wahalar aikin: ya kai yara makaranta ranar da take da taro, ya yi haƙuri da abincin da 'yarsa ta dafa, ya tsaya mata in 'yan uwansa suka fara cewa ta fi ƙarfinsa. Shugabannin makarantu mata da suka daɗe a kujera suka yi abin kirki, in ka bincika, kusan kullum za ka samu ɗaya daga cikin uku: miji mai irin wannan hali, ko uwa ko ƙanwa da ke riƙe gida, ko kuma yaran sun riga sun girma.

A makarantun kuɗi abin ya ɗan sauya launi kawai. Can mai makaranta ne sarki. Shugaba yana iya samun ɗan ƙari a kan sauran malamai, amma aikinsa na farko bin iyaye bashin kuɗin zango ne, kuma ba fansho, ba giratuti, sallama kuma ta baki ce.

Ban ce kada kowa ya karɓi shugabanci ba. Makaranta tana tashi ko ta faɗi da shugabanta fiye da yadda take yi da fenti. Duk wanda ya zaga makarantun gwamnati ya ga biyu a unguwa ɗaya, talauci iri ɗaya, amma ɗaya yara na karatu, ɗaya suna wasan ƙasa har a tashi, kuma bambancin mutum ɗaya ne da ke tsaye a bakin ƙofa tun ƙarfe bakwai da rabi. Muna buƙatar mutanen kirki a wurin. Abin da nake cewa shi ne gwamnati ta mayar da kujerar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sannan ta bar ma'aurata su yi ta faɗa a kan wanda zai zama kurar. Gyaran ba wani abin mamaki ba ne, kuma ƙungiyar malamai ta NUT da ƙungiyoyin shugabannin makarantu sun san shi. A sa wa muƙamin alawus da zai sa mutum ya iya ajiye sana'arsa ta yamma. A tallata gurbi, a yi jarrabawa da ganawa, a fitar da sakamako a fili, domin matar malami ta daina tunanin gidan wa za ta je. A ba shi wa'adin da ba za a tsige shi ba sai da laifi. A tura kuɗin gudanarwa kai tsaye asusun makaranta kowane zango, shugaba da kwamitin al'umma su sa hannu tare. A bar mace ta shugabanci makarantar da ke kusa da gidan aurenta, a yi bita da rana a cikin ƙaramar hukumarta. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ya sa waɗannan tambayoyi sun ƙara zafi, domin malaman da suka san abin da ya faru a 1991 ba su manta ba, kuma in albashi da naɗi duk suka koma hannun ciyaman, kamun ƙafa sai abin da ya ƙaru.

Kafin a kai can, hukuncin karɓa ko ƙi na mutum biyu ne, tunda su biyun za su biya. Tambayoyin da suka dace ƙanana ne, na ƙasa-ƙasa. Wace makaranta ce, kilomita nawa, hanyar tana da lafiya? Malamai nawa ne a rajista, nawa ke zuwa? Me ya cire wanda ya bar kujerar? Wa zai riƙe gonar, ko shagon, ko yaran? Shekara nawa suka rage a yi ritaya, kuma kujerar tana kai wa wani wuri ko nan ta tsaya? Mai shekara talatin da takwas da digiri a hannu, a makarantar cikin gari, amsarsa ba za ta zama ɗaya da ta mai hamsin da biyar da ake son turawa bakin daji ba.

Ga masu jiran layi kuma akwai wani abu da ya shigo lissafin a 'yan shekarun nan. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai daga 60 zuwa 65, ko daga shekara 35 na aiki zuwa 40. An yi ta ne don a riƙe ƙwararru, kuma dattawan sun yi murna. Amma a duk jihar da ta fara aiki da ita, hedimastan da ake sa ran zai ajiye makulli bana yana iya ƙara shekara biyar a ofis, mataimakinsa ya ƙara biyar yana jira, na bayansu kuma su ƙara biyar a aji. Malamin da matarsa ke tambayarsa yaushe, ko da yana so, amsar ta ƙara nisa da shekara biyar ba tare da ya yi laifin komai ba.